Shagala A Bakin Aiki Da Hanyar Maganinta

Darasin wannan mako a kan shagala ne, watau irin wadda ta ke samun ma'aikaci yana zaune a kan kujerarsa ta ofis, ko tela a gaban kekensa, ko malami a makaranta, har yini ya ƙare, jiki ya gaji, amma in an tambaye shi abin da ya gama sai ya rasa abin nunawa.

Ita kalmar shagala aro ce daga Larabci, daga tushen nan mai baƙaƙe uku, shin da gain da lam. Abin lura shi ne, da wannan tushe Balarabe ya ke kiran aiki kansa, har yau in ya ce shugul, to yana nufin sana'ar da mutum ya ke ci da ita. Daga nan ne kuma Bahaushe ya samo shagali. Asalin ma'anar ita ce wani abu ya cika gurbi har ya hana waninsa shiga. A wuri biyu wannan tushe ya zo cikin Alƙur'ani mai girma. Na ɗaya a Suratu Yasin, aya ta 55, inda aka siffanta 'yan Aljanna da cewa ni'ima ta cika musu lokacinsu. Na biyu a Suratul Fathi, aya ta 11, inda aka ba da labarin Larabawan ƙauye da suka ƙi fita tafiyar Hudaibiyya, cewa za su kawo hanzarin dukiya da iyali ne suka ɗauke musu hankali.

Wannan ya nuna ba lalle ne mai shagala ya zama malalaci ba. Malalaci ya san kansa, mutane ma sun san shi. Amma shagaltacce tun safe yana kai da kawowa, yana amsa waya, yana gaisawa da baƙi, yana leƙa ofishin maƙwabci, da yamma ya koma gida a gajiye yana ganin ya sha aiki, alhali kuwa takardar da aka ɗauke shi dominta tana nan inda ya tarar da ita. Gurbin dai ya cika, amma da abin da ba shi aka nema ba. Shi ya sa ciwon ya ke da wuyar magani, don mai shi bai yarda ba ya da lafiya ba.

Lokacin Da Aka Sayar

Kafin a zo ga magani, wajibi ne a san ko na wane ne lokacin da a ke magana a kansa. Malaman fiƙihu sun kira yarjejeniyar da ke tsakanin mai aiki da wanda ya ɗauke shi ijara, suka kuma kasa ɗan ƙwadago kashi biyu. Akwai wanda a ke biya a kan abin da hannunsa ya gama, kamar tela da marini da maƙeri, masu karɓar aikin jama'a da yawa. Akwai kuma wanda aka ɗauka na wani lokaci sananne domin mai aikin shi kaɗai, kamar akawu da malamin makaranta da malamin asibiti da direban ma'aikata. Shi na biyun nan sa'o'insa ya sayar. Idan ƙa'idar wurin aikinsa ta ce daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, kamar yadda ta ke a ofisoshin gwamnatin tarayya ta Nijeriya, to waɗannan sa'o'i 8 sun fita daga mallakarsa tun ranar da ya sa hannu a takardar kama aiki. Abin da aka togace masa shi ne sallar farilla da alwalarta, da cin abinci, da biyan bukata, da ɗan hutun da aka saba da shi a wurin.

A Suratul Ƙasasi, aya ta 26 da ta 27, an ba da labarin yadda aka ɗauki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aikin kiwo a Madyana a kan shekara 8, in ya so ya cika 10. Siffa biyu 'yar dattijon ta ambata sa'ad da ta ke ba mahaifinta shawarar ɗaukarsa, watau ƙarfi da amana. Buhari kuma ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wa'adin da ya fi tsawo shi Annabi Musa ya cika.

Kowa ya san tsananin narkon da ke farkon Suratul Muɗaffifina a kan masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Yawancin mutane in suka ji wannan sura sai hankalinsu ya tafi kasuwar hatsi. To, amma Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya gamu da wani mutum wanda bai halarci sallar La'asar ba, ya tambaye shi dalili, mutumin ya kawo uzuri, sai Umar ya gaya masa ya tauye mudu. Malik ya bi wannan da bayanin cewa kowane abu yana da cikawa yana kuma da tauyewa. Saboda haka ma'aikacin da ba zai yarda a rage masa ko naira ɗaya daga albashinsa ba, amma shi kullum yana rage sa'a biyu daga takwas ɗin da ya sayar, sai ya dubi kansa a cikin wannan sura.

Wani zai ce albashin ai bai kai ya kawo ba, wani lokaci ma sai an yi watanni ba a biya ba. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma shari'a ba ta toshe kunne daga gare shi ba. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa mutum uku Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Ma'aikaci yana da ikon neman haƙƙinsa a fili ta kowace hanya da doka ta yarda, yana da ikon ajiye aikin in ya ga ba zai iya ba. Sai dai a duba a kan wa ramuwar ɓoye ta ke faɗawa. Babban da ya riƙe albashi ba ya jin zafinta ko kaɗan. Mai jin zafinta shi ne tsohon da ya ranto kuɗin mota daga ƙauye domin a sa masa hannu a takardar fansho, ya yini a kan benci, akawu yana ciki yana musun ƙwallo, a ƙarshe a ce masa ya dawo jibi. Da mai ciki a layin asibiti, da yara saba'in a aji suna ta surutu malaminsu yana gindin bishiya. Ba ɗayansu da ya ci wa ma'aikaci kwabo.

Zobe Da Waya

Nasa'i ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sanya wani zobe, daga baya ya shaida wa sahabbai cewa zoben nan ya shagaltar da shi daga gare su a wannan yini, ido ɗaya a kansa, ido ɗaya a kansu. Sai ya cire shi ya jefar. Zobe ne fa, ba ya ƙara, ba ya haske, ba ya kawo labarin kowa. To, yaya abin da ke cikin aljihun kowane ma'aikaci a yau?

Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a shekarar 2001, sa'an nan amfaninta kira ne da ɗan gajeren saƙo. Daga baya intanet ya shiga cikinta, Facebook da WhatsApp da TikTok da makamantansu suka biyo, sai ta zama kasuwa da dandali da majalisar hira duk a tafin hannu. Ba a musun amfaninta, da ita a ke aika takardun ofis da kuɗi, da ita a ke sauraron tafsiri. Amma ya kamata mai karatu ya sani kamfanonin da ke da waɗannan dandali daga talla su ke samun mafi yawan kuɗinsu, gwargwadon daɗewar idon mutum a kansu gwargwadon cinikinsu. Watau an gina su ne musamman don kada a ajiye su.

Wata malamar jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, mai suna Gloria Mark, ta shafe shekaru tana auna yadda ma'aikatan ofis ke tafiyar da yininsu. A shekarar 2004 ta samu cewa mutum kan tsaya a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kimanin minti biyu da rabi kafin ya juya ga wani. A littafin da ta fitar a 2023 ta ce abin ya sauko zuwa kimanin daƙiƙa 47. Ta kuma gano cewa in an katse mutum daga wani aiki, ya kan ɗauki fiye da minti 20 kafin ya koma kansa, domin sai ya ratsa ta wasu ayyuka tukuna. Abin da ya fi ban kunya cikin binciken shi ne, kusan rabin katsewar ba wani ne ke jawo ta ba, mutum ne ke katse kansa da kansa. Wata mai bincike kuma, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai gama ba ya kama wani, wani sashe na hankalinsa ya kan maƙale a na farkon, sai na biyun ya sami ragowa. Ma'abocin Alƙur'ani ba zai yi mamakin wannan ba, don a Suratul Ahzabi, aya ta 4, an faɗa cewa Allah bai halitta wa kowane mutum zuciya biyu a ƙirjinsa ba. Bahaushe kuma ya ce taura biyu ba ta taunuwa.

Maganin da sunna ta koyar a nan a sarari ya ke. Buhari da Muslimu da Malik sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla cikin wani mayafi mai zane wanda Abu Jahmi ya ba shi kyauta. Da ya sallame sai ya ce a mayar wa Abu Jahmi da shi, a karɓo masa wani mara ado, saboda zanen ya ja hankalinsa cikin salla. Malamai sun ce ya nemi a karɓo wani a madadinsa ne don kada ran Abu Jahmi ya ɓaci a kan an mayar masa da kyautarsa. Ga mafi ƙarfin zuciya cikin halitta, amma bai ce zai daure ya yi ta kokawa da zanen ba, abin da ya yi shi ne ya kawar da shi daga gabansa. Haka kuma a Muwaɗɗa an kawo cewa Abu Ɗalha mutumin Madina yana salla a gonarsa, wani tsuntsu ya ɗauke masa ido har ya manta raka'a nawa ya yi, sai ya ba da gonar sadaka.

Ba a ce ma'aikaci ya ba da wayarsa sadaka ba. Abin da a ke nema ƙarami ne. Wanda ke ajiye ta a kan tebur kusa da takarda yana cewa shi ai yana da ƙarfin hali, ruɗin kansa ya ke yi. Ya kashe ƙarar saƙonni, ya bar ta kira kaɗai saboda larurar iyali, ya sa ta a durowa ko a jaka, ya yanke wa kansa lokacin dubawa, kamar bayan sallar Azahar da kuma dab da tashi. Ya fita daga zaurukan da ba abin da a ke yi cikinsu sai musun siyasa da yaɗa abin da ba a tabbatar ba. Tirmizi ya ruwaito cewa barin abin da bai shafi mutum ba yana daga kyawun musuluncinsa, kuma Ibnu Abi Zaidin mutumin Ƙairawan, mai littafin Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya lissafa wannan hadisi cikin guda huɗu da ya ce dukkan ladubban alheri daga gare su su ke tsirowa.

Baƙon Ofis

Waya tana da sauƙi, don ba ta yin fushi in an kulle ta a durowa. Mai wuya shi ne mutum. A ƙasar Hausa an tashi a kan cewa zumunci a ƙafa ya ke, baƙo kuma ba a nuna masa agogo. Halin kirki ne wannan, ba mai hankalin da zai so ya ɓace. Amma an ɗauke shi daga zauren gida an kai shi ofis, har ofishin wani ya zama majalisa: aboki ya biyo don ya ga mota a waje, ɗan'uwa ya shigo gari ya rasa wurin zama kafin mota ta cika, mai tallar atamfa da turare ta baje kaya a kan tebur, mai karɓar adashi ya zagayo, gaisuwa kaɗai ta ci minti goma. Ma'aikacin yana jin nauyi, baƙon yana ganin zumunci ya ke yi, masu jira a waje kuwa ba mai tuna su.

Wannan jin nauyi ba sabon abu ba ne. Anas ɗan Malik ya ba da labarin walimar auren Nana Zainab 'yar Jahshi, cewa mutane suka ci suka watse, wasu 'yan ƙalilan suka zauna suna hira cikin ɗakin. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi haramar tashi ko za su gane, ba su gane ba, ya fita ya zagaya ɗakunan matansa ya komo, suna nan. A kan wannan aya ta 53 ta Suratul Ahzabi ta sauka, ta umarci wanda aka kira cin abinci in ya ci ya tafi, kada ya zauna jan hira, ta kuma bayyana cewa hakan yana cutar da Annabi, kunya ce ta hana shi faɗa. Ashe shari'a da kanta ta tsaya wa mai jin kunyar korar baƙo.

A Suratun Nur, aya ta 28, an ce wanda ya nemi izinin shiga aka ce ya koma, to ya koma, hakan ya fi masa tsarki. Malaman tafsiri sun kawo daga Ƙatada cewa wani daga cikin Muhajirai ya ce ya yi ta fatan wata rana a ce masa ya koma, don ya juya yana farin ciki da ya yi aiki da ayar, amma bai taɓa samu ba. A yau kuwa in aka ce wa mutum ya yi haƙuri ana aiki, sai ya fita yana cewa wane ya sami kujera ya canja. Buhari ya ruwaito cewa Abu Musa Al'ash'ari ya je wurin Sayyidina Umar, ya nemi izini sau uku, Umar yana cikin wani aiki bai amsa ba, Abu Musa ya juya abinsa. Da Umar ya gama ya sa aka kira shi, ya tambaye shi me ya mayar da shi, ya ce haka Manzon Allah ya umarta. Umar ya nemi shaida, Abu Sa'idul Hudri ya tabbatar, sai Umar ya ce hada-hadar kasuwa ce ta shagaltar da shi har wannan sunna ta wuce shi. Sarkin Musulmi bai bar aikinsa ba, babban sahabi bai yi fushi ba.

Duk da haka ba kowane mai shigowa ne shagala ba, a nan ne hankali ya ke aiki. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani Balaraben ƙauye ya katse Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin magana, ya tambaye shi yaushe za a yi tashin Alƙiyama. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen maganarsa, sa'an nan ya nemi mai tambayar ya amsa masa, amsar kuwa ita ce sa'ad da aka tozarta amana. Muslimu kuma ya ruwaito daga Abu Rifa'a cewa ya zo ana huɗuba, ya ce shi baƙo ne bai san addininsa ba, sai Annabi ya bar huɗubar, aka kawo masa kujera, ya karantar da shi, sa'an nan ya koma ya cika. Tambaya ta farko tana iya jira, ta biyu ba ta iyawa. Haka ma a ofis. Mutumin da ya zo da bukatar da aka buɗe ofishin dominta, shi ne aikin, ko da ya katse rubutu. Wanda ya zo hira, a tashi a gaishe shi a tsaye da sakin fuska, a ce masa, "Yaya, ka ga jama'a na jira, in Allah Ya yarda ina nan tafe gida bayan Magariba." Sa'an nan a cika alkawarin, don kada maganar ta zama dabarar kora.

Akwai baƙon da ba ya koruwa, kamar suruki ko babban mutum. Malam Ibnul Jauzi na Bagadaza, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya sha fama da irin waɗannan. Ya faɗa a littafinsa Saidul Haɗir cewa ya kan tanadi ayyukan da ba su bukatar tunani, kamar yankan takarda da fiƙe alƙaluma da ɗaure littattafai, ya ajiye su sai masu ziyara sun zo, yana amsa musu hannunsa yana aiki. Kowane ofis yana da irin waɗannan: jera fayil, buga hatimi, rubuta adireshi a ambulan.

Shugabanni ma su ji tsoron Allah. Mai kiran taro na sa'a uku a kan abin da takarda ɗaya za ta isar, da mai aiken akawu cefanen gidansa, alhakin wannan lokaci a wuyansu ya ke.

Akwai wata shagala kuma mai sanye da rigar addini. A kira Azahar ƙarfe ɗaya da rabi, ofis ya zama kango sai ƙarfe uku. Sallar farilla haƙƙin Allah ce, ba mai ikon hana ta, amma ita da alwalarta da tafiya masallacin ma'aikata ba su wuce minti 20 zuwa 30 ba. Sauran hira ce a ƙofar masallaci. Malaman fiƙihu da dama sun ce wanda aka ɗauka aiki na lokaci ba zai tsawaita nafila a cikin lokacin mai aikin ba sai da yardarsa. Sa'ad da Mu'azu ɗan Jabal ya ja doguwar sura a sallar Lisha, wani mai ban ruwa da raƙuma ya gaji ya ware ya yi tasa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Mu'azu ya yi wa faɗa, ya umarce shi da gajerun surori. Aya ta 10 ta Suratul Jumu'a kuma ta ce in an gama salla a watsu a nemi falalar Allah.

Rabon Mutum Na Kansa

Hasarar shagala ba ta tsaya a kan mai aikin da jama'a ba, shi ma'aikacin ma tana cinsa. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ni'ima biyu mutane da yawa a ke yi musu kamunga a cikinsu, lafiya da sarari. Kalmar da aka yi amfani da ita, magbun, ta 'yan kasuwa ce, ana faɗinta ga wanda ya sayar da kaya mai tsada a kan kuɗi kaɗan. Lissafin kuwa ba wuya. Wanda ke zubar da sa'a ɗaya kullum, kwana 5 a mako, mako 48 a shekara, ya zubar da sa'a 240, watau yinin aiki 30 cif. Aikin da bai gama ba kuma ba ya ɓacewa. Ko ya bi shi gida cikin jaka, ko ya bi shi cikin zuciya, ya cinye daren da ya kamata ya zama na iyali da karatu. An ruwaito cewa an taɓa ce wa Umar ɗan Abdul'aziz ya bar wani aiki sai gobe, ya amsa da cewa aikin yini ɗaya ma ya ishe shi, ina ga na yini biyu sun haɗu.

Kusan kowane ma'aikaci yana da wani buri da ya ke ɗauke da shi shekara da shekaru. Wannan yana son haddar Alƙur'ani, wancan yana son ya iya Larabci, wani jarrabawar ƙarin girma, wata tana son ta koma ta cika karatun da aure ya katse. In aka tambaya sai a ce ba lokaci. To, ga Mus'hafin bugun Madina, shafi 604 ne, kowane shafi layi 15. Mai haddace layi 5 kullum zai gama shafi cikin kwana 3, ya sauke cikin kwana 1,812, watau shekara 5 ba kaɗan, in ya haɗa da tilawar baya. Hadisan Arba'una guda 42 ne, mai riƙe ɗaya a mako ba zai cika shekara ba ya gama. Mai littafin, Imamu Nawawi, darasi 12 ya ke ɗauka kullum a Dimashƙa zamanin ɗalibtarsa, ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira yana da shekara 45 kacal. Ba a neman irin nasa daga magidanci mai aikin albashi. Abin da a ke nema shi ne wanda Nana A'isha ta ruwaito, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Mafi kyawun gurbin wannan kaɗan ɗin shi ne bayan sallar Asuba, kafin a taɓa waya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Sahru Algamidi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Shi Sahru ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura kayansa da sassafe, dukiyarsa ta yawaita. Haka in an isa ofis, aikin da ya fi nauyi shi za a fara da shi, tun ba a cika ba, da sanyin safiya a ke kama fara. Yana da kyau tun jiya kafin tashi a rubuta abu biyu ko uku da za a gama yau, a bar takardar a kan tebur. Kada kuma a zauna wa aikin tunani da yunwa ko da fushi, domin sunna ta hana salla in an ajiye abinci, ta hana alƙali yanke hukunci yana cikin hushi. Hutu ma yana da nasa gurbi. Salmanu ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa, Annabi kuma ya gaskata shi.

Saura tambaya ɗaya da a kan yawaita yi: ko ya halatta ma'aikaci ya yi karatun kansa a ofis? An ruwaito cewa Umar ɗan Abdul'aziz yana duba al'amuran jama'a da fitilar baitulmali, in magana ta juya ga sha'anin gidansa sai ya kashe ta ya kunna tasa. A kan wannan za a auna. In akwai aiki a gabansa, ko mutum na jira, bai halatta ba, ko da Alƙur'ani ne ya ke karantawa, don farilla ba ta ba nafila wuri. In ya gama abin da ke kansa, babu mai jira, kuma ƙa'idar wurin ko shugabansa ba su hana ba, to babu laifi ya buɗe littafinsa, da sharaɗin ya zauna a inda za a same shi, ya kuma rufe littafin da zarar an yi sallama. Takardar ofis da tawadar ofis da motar ofis ba su shiga cikin wannan rangwame ba. Wanda karatunsa ya kai ga sai ya riƙa fita a cikin sa'o'in aiki, sai ya nemi izini a rubuce daga wanda ke da ikon bayarwa, ya ajiye takardar iznin a fayil ɗinsa. Wanda kuma ya san akwai sa'o'in baya a kansa, to haƙƙin bayi ne, tuba daga gare shi ba ta cika da istigfari kaɗai, sai ya rama su da ƙarin aiki, ko ya nemi yafewar mai aikin in mutum ne sananne, ko ya mayar da kimarsu.